Rabin Taku a Muryar Alhaji Mati

Ku samarin da kuke zuwa shagona a Rano kuna cewa in koya muku fiyano kafin Sallah, ina jin ku, kuma ba dariya nake muku ba. Wani a cikinku ya ce sati biyu ya ishe shi, tunda ya kalli yadda ake yi a waya. Gaskiyarsa. Ni ma a sati biyu na iya, kuma na yi kusan shekara goma ina cin abinci da abin da na iya ɗin, kafin ɓeran rumbu ya nuna mini ban san kayan aikina ba. Zan faɗa muku yadda aka yi, in ya so wanda har yanzu yake ganin sati biyu ya isa, sai ya zo ranar Asabar mu fara.

Ranar da na fara zama gaban fiyano, a wani ɗan shago ne a Fagge, wurin maigidana Oga Lawan. Kafin ranar na yi wata bakwai ban taɓa shi ba sai da burushin fenti, ina share ƙurar da take shiga tsakanin haƙoransa. Sauran aikina shi ne ɗaukar lasifika a ka, naɗe waya yadda ba za ta karye ta ciki ba, da gane kukan janareta in mai ya kusa ƙarewa. Da ya ga ban gudu ba, sai ya zaunar da ni ya nuna mini haƙoran: farare a jere, baƙaƙe a samansu, biyu nan, uku nan, biyu nan, uku nan, har ƙarshe.

Ya ce, "Ka ga baƙaƙen nan? Biyu da uku, biyar. Duk waƙar Hausa da ka taɓa ji tana cikin biyar ɗin nan. Su ne namu."

Na ce, "Fararen fa, Oga?"

Ya ce, "Na waɗanda suka ƙera shi ne. Ai dole su saka wa kansu wani abu. Kai dai ɗauke hannunka daga kansu."

Abin da ya sa ban taɓa tuhumarsa ba shi ne maganar tana aiki. Waƙar da mahaifiyata take yi a bakin dutsen niƙa, na neme ta a baƙaƙen nan na same ta cif. Waƙar gaɗa, waƙar noma, waƙar bege, duk suna nan. Ga shi baƙaƙen suna da kirki, ko ido rufe ka danna ba wanda zai yi faɗa da ɗan'uwansa. Ka kunna gangar da take cikin akwatin, ka bar yatsu su yi yawo, sai ka ji ana cewa yaron nan gwani ne. Na ji an faɗa sau uku, na yarda.

Saura abu ɗaya. Mawaƙa ba muryarsu ɗaya ba, wani a sama yake, wani a ƙasa. Don haka akwai wani ɗan madanni mai kai biyu a gefe, mu muna ce masa jak, saboda yana ɗaga kiɗan gaba ɗaya ko ya sauke shi kamar jak ɗin mota, hannunka kuwa yana nan inda yake. Ka danna sau ɗaya, kiɗa ya sauka kaɗan, lamba ta fito a ɗan gilashin da yake gabanka. Ka sake dannawa, ya ƙara sauka kaɗan. Nawa ne kaɗan ɗin, ba wanda ya taɓa tambaya a shagon Oga Lawan.

Shekarar da soja suka koma bariki na dawo gida. Na sayar da bijimin da na gada, na sayo fiyano ɗan Kwatano da lasifika biyu, 'yan'uwa suka yi ta zuwa duba ni kamar marar lafiya. A watan ne Alhaji Mati ya aiko a kira ni.

Alhaji Mati mutumin Nariya ne, mawaƙin manoma da na biki, ya shekara talatin yana waƙa da kalangu. Makaɗinsa Audu ya rasu, masu biki kuma sun fara tambayar kiɗan zamani. Na kai masa fiyanon har zaure, ya tsaya a kansa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ne zai zauna a wurin Audu?" Na ce in Allah ya yarda. Ya ce, "To, Allah ya jiƙan Audu." Haka aka ɗauke ni aiki.

Yana da wata waƙa ta manoma wadda ita ce jarinsa. A baiti na huɗu akwai wurin da murya take hawa, ta ƙara hawa, ta tsaya can sama ta daɗe. Mutane suna kiran wurin hawan dutse, kuma shi ake jira. Tsofaffi su dakata da tauna goro, mata su shirya guɗa, masu liƙi su sa hannu a aljihu. In ya sauko lafiya sai ya dubi jama'a ya ce muryarsa tana nan inda ya ajiye ta tun ana kashe sule da sisi. Ba ya fashin faɗar wannan, kuma a lokacin gaskiya ce.

Wani biki a Saji, shekara ta biyu da fara aikinmu, bayan la'asar, na ji muryar ta kai saman dutsen amma sai da ta goge gwiwa. Jama'a ba su ji ba, guɗa ta rufe. Ni da nake zaune a bakin lasifika na ji. Can aka ce a maimaita waƙar saboda dangin ango sun iso a makare, sai na miƙa ɗan yatsa na danna jak sau ɗaya. 'Yan amshi suka bi kiɗa ba su san an matsa ba, Alhaji ya hau dutsensa ya zauna a kai har ya gaji don kansa. Da muka tashi ya ce mini, "Ka ji na biyun? Ɗazu ruwan randa ne na sha mai sanyi." Na ce ai ruwan randa ba shi da kyau ga murya.

Daga ranar, duk sanda na kunna fiyano sai in danna ɗaya kafin ya juyo. Bayan shekara biyu ya zama biyu, daga baya ya zama uku. Shi yana gaba yana ba jama'a labarin sule da sisi, ni ina baya ina gyaɗa kai. Ban gaya wa kowa ba, ko matata.

Riƙe wannan sirri ba ƙaramin aiki ba ne, saboda masu biki. Akwai uban amaryar da zai ce a rage sauti don surukai, ya dawo ya ce a ƙara don maƙwabta su san ya yi biki. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne wanda zai kawo janareta mai tari, wuta ta ɗauke a tsakiyar baiti, fiyano ya mutu ya farfaɗo ya manta duk abin da ka gaya masa, har da jak. Sai ka yi maza ka sake dannawa sau uku kana yi kamar ƙura kake gogewa. A wata ruga kuma bayan Kibiya, wani makiyayi ya fito da sarewarsa ta kara ya ce mu haɗa. Na danna jak sama, na wuce shi. Na danna ƙasa, ya wuce ni. Sarewar tana tsakani. Na ce masa sarewarsa ce ba daidai ba, ya ce shanunsa ba su taɓa kawo ƙara ba.

A wani taron suna a Rurum Tsohon Gari na fara haɗuwa da Kofur Tanko. Tsohon soja ne, amma bai taɓa auna kowa da bindiga ba, begila ya busa wa gwamnati har haƙoransa na gaba suka tafi. Ya tsaya a bayana yana kallon hannuna har muka gama, sannan ya ce, "Yaro, an ba ka gida mai ɗaki goma sha biyu, kana kwana a biyar."

Ga ƙuruciya, ga jama'a a kusa. Na ce, "Baba Kofur, ai biyar ɗin ne masu katifa." Aka yi dariya. Na ƙara da sa masa suna Kofur Sha Biyu, sunan kuma ya bi shi har kasuwar Rano. Ya gyara hularsa ya tafi.

Sai shekarar da kiɗa ya tsaya. Kada wani ya je ya ce na ce an zalunce mu. Ranar da aka ƙaddamar da Shari'a ni ma na shiga mota na tafi birni, na yi kabbara har muryata ta dishe. Lissafina a lokacin ɓarayi da mashaya za ta kama, ban leƙa na ga ko akwai makaɗa a layin ba. Aka yi 'yan shekaru ana kiɗa ana ɗar-ɗar, sannan abin ya iso mu sosai. Aka kafa kwamiti a unguwa, rabin 'yan kwamitin kuwa yaran da suka fi kowa rawa ne a gabana. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya taɓa kayana. Gidan biki suke zuwa gaisuwa tun kafin ranar, su yi nasiha, sai ka ji biki ya koma walima. Mu dai aka daina aiko mana da goron gayyata.

Labari ya zo daga birni wai ana kwashe kayan kiɗa. Ban ga wanda aka kwashe wa ba, amma ban jira in zama shaida ba. Na naɗe fiyanon a bargo, na sa a buhu, na kai gidan yayana a Saji, muka tura shi cikin rumbu muka jera dammunan dawa a kai. Dabarar tana da kyau, don a wajenmu ko maƙiyinka ba ya leƙa maka rumbu, abin kunya ne. Mun yi lissafin mutane, mun manta da wanda ba ya jin kunya.

Lasifikan kuwa ba su zauna banza ba. Masu walima suna so a ji wa'azi har bayan gari, kuma ba mai lasifika irin nawa. Wata goma sha huɗu na yi ina zaune gefen malamai ina murɗa musu sauti. Akwai ranar da wani malami ya daɗe yana bayanin makomar makaɗa, ya juyo ya ce, "Malam Hudu, ƙara mini murya, na baya ba sa ji." Na ƙara masa. Alhaji Mati shi ba shi da lasifika. Ya koma gona, ya rabu da shanun nomansa ɗaya bayan ɗaya, mutane suka fara ce masa tsohon mawaƙi, wasu ma don girmamawa suke faɗa. Sunan nan ya fi rabuwa da shanun ci masa rai.

Da kakar zaɓe ta zo, sai aka gano cewa waƙar ɗan takara ba kiɗa ba ce, wayar da kan jama'a ce. Ban san wanda ya gano ba, amma Allah ya saka masa da alheri. Wani mai neman kujera a Kibiya yana son mawaƙin da zai zagaya mazaɓu da shi. Mutanensa suka rabu biyu: samari suna son wani ɗan birni mai kaset, dattawa suna son Alhaji Mati. Aka ce to duka biyun su yi a taron da za a yi a filin makaranta, wanda ya motsa jama'a shi ne da aikin. Alhaji ya zo gidana da ƙafarsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Hudu, kwana tara. In na hau dutsen nan a Kibiya, ni mawaƙi ne. In ban hau ba, sai in karɓi sunan da suka sa mini." Na ce to mu ɗan yi gwaji mana. Ya ce gwaji na masu koyo ne.

Washegari muka ɗaga dawa muka jawo buhun. Bargon ya zama gidan haya. Na kakkaɓe kashin ɓera, na zazzage tsabar dawa daga ƙarƙashin haƙora, na sa batir na kunna da bismillah. Ya kawo. Ganga tana nan, sarewa tana nan, kowane haƙori yana magana. Na danna jak, shiru. Na sake dannawa, lamba tana nan a sifili. Duk wayoyin da suke cikin akwatin nan, ɓeran bai ga wadda ta yi masa ba sai ta jak.

Mai gyaran rediyo a Rano ya buɗe ya duba, ya ce ba waya kaɗai ba ce, an ci har allon da wayoyin suke haɗuwa a kai, sai an aiko da wani daga Legas. Na shiga birni neman aro, na tarar kowane fiyano a Kano ya tafi wayar da kan jama'a. Dole ta sa na tona wa Oga Lawan sirrin, ya ce in gaya wa tsohon gaskiya kawai. Na dawo a mota ina juya maganar. In je in ce wa Alhaji Mati, saura kwana bakwai ya tsaya gaban mutanen Kibiya, muryar da yake rantsuwa da ita ta fara sauka tun shekara shida, ni nake tallafe da ita? In kuma na yi shiru na kaɗa masa a baƙaƙe yadda suke, zai kai rabin dutse muryar ta tsage a gaban mai kaset. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye muku ba.

Na sayi goro, na ɗaure fiyano a bayan babur, na nufi Rurum. Na samu Kofur Tanko a gindin tsamiya yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi irin gaisuwar da ban taɓa yi masa ba. Ya dubi goron, ya dubi buhun, ya ce, "Katifar ce ta yage?"

Na ce, "Ta yage, Baba."

Bai ƙara ko kalma a kai ba, kuma da ya ƙara da ya fi mini sauƙi. Ya sa na ajiye fiyanon a tabarma, ya ce in ɗora yatsa ɗaya a kan duk haƙorin da na ga dama, in yi dama ina danna na jikinsa, fari ko baƙi, kada in tsallake kowa, ina ƙirgawa da ƙarfi. Na fara. Abin ba daɗin ji, ba waƙa a ciki, sai dai sauti yana hawa a hankali kamar mai hawa tsani. Da na danna na goma sha uku sai ya riƙe mini hannu.

"Me ka ji?"

Na koma na danna na farkon, na sake danna wannan. Na ce, "Shi ne dai, amma ƙaninsa."

Ya ce, "To ɗakunan ke nan, goma sha biyu. Na sha uku ka dawo ƙofar da ka shiga, sai dai a saman bene. Daga kowane haƙori zuwa maƙwabcinsa na jiki, rabin taku ne, biyu su ne taku guda. A cikin akwatin nan babu abin da ya fi rabin taku ƙanƙanta. A waje akwai, amma akwati bai san shi ba." Na tuna makiyayin nan da sarewarsa. Ya nuna mini wurare biyu da farare suke manne da juna ba baƙi a tsakani, ya ce su ma rabin taku ne, kada launi ya ruɗe ni. "Fari da baƙi don hannu ya gane hanya aka yi su, kunne bai san launi ba. Jak ɗin naka kuma ba aljani ba ne. Duk dannawa ɗaya, maƙwabci ɗaya yake matsar da kai. Sau nawa kake dannawa?"

Na ce uku.

"Muryar wa?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Bar shi. Ina da kunne."

Sai ya sa na ɗauki baƙaƙena biyar ɗaya bayan ɗaya, kowanne in taka da shi maƙwabta uku zuwa hagu, in ga inda ya sauka. Biyu suka sauka a kan baƙi, uku a kan fari. Na danna su a jere, sai ga waƙar manoma ta fito daidai inda jak yake ajiye ta. Na gaya masa abin da Oga Lawan ya ce a kan fararen. Ya yi dariya har da tari, ya ce in gwada sauka rabin taku ɗaya kacal in gani. Na gwada, duka biyar ɗin suka faɗa kan farare, waƙar niƙan mahaifiyata ta fito a kansu ba abin da ya ragu. Kusan shekara goma suna gabana ina share musu ƙura.

Ganewa ba ta ci awa guda ba, hannu ne ya ƙi. Kwana shida ina zuwa Rurum da safe in dawo da yamma, yatsuna suna zamewa suna komawa inda suka saba. A baƙaƙe ba a kuskure, a nan kuwa kowane haƙori na daidai yana da maƙwabci a jikinsa da zai kunyata ka. Na ɗiga alli a kan biyar ɗin. Kofur ya ce in goge, na ƙi. Ranar taro da safe ni da kaina na goge, don kada Alhaji ya gani ya tambaya.

Bayan azahar aka fara. Filin makarantar ya cika har kan katanga. Ɗan birni ne ya fara, kaset yana waƙa shi yana motsa baki yana rawa, kuma ba laifi, ya iya rawar. Samari suka yi ta ihu. Sannan aka kira mu.

Na kunna ganga, na dubi jama'a, na dubi ɗan takara cikin babbar riga, na ɗora hannu. Na kaɗa buɗewar waƙar gaba ɗaya tana fita sumul, har ina jin daɗin kaina. Sai da Alhaji ya shiga baitin farko na ji muryarsa a matse, sannan na dubi hannuna. Yana kan baƙaƙe. Ya koma inda ya saba ko sallama bai yi mini ba. Mun wuce inda muryar take iya zama da maƙwabta uku, 'yan amshi sun riga sun ɗauka, dutse kuma yana tafe. In na sauya a tsakiyar waƙa kowa zai ji, amshi ya watse. In ban sauya ba na san abin da zai faru. Na ci gaba da kaɗawa don ban san abin yi ba, gumi yana shiga mini ido.

A ƙarshen baiti na biyu Alhaji ya ɗaga hannu ya tsai da 'yan amshi. Ya juya waƙar ta koma kirari, yana jero kakannin ɗan takara da gonakinsu, da magana kawai ba da rerawa ba, jama'a suna ta murna. Yana yi yana ja da baya kamar mai ba masu liƙi wuri, har ya iso gefena. Ya kifa makirufo a ƙirjinsa, bai dube ni ba.

"Hudu, ina ukun nan?"

Na ce, "Wane uku, Alhaji?"

"Ukun da kake sauke mini. Ko so kake a yi jana'izata a Kibiya?"

Na ce, "Ɓera ya ci jak ɗin."

"Na sani. To me ka je yi Rurum kwana shida? Sauke da hannu."

Ya ɗaga makirufo ya ci gaba da kakanni. Na ɗauke hannu na bar ganga ita kaɗai, don ganga ba ruwanta da sama ko ƙasa, ta wanke kunnen jama'a. Na lalubo baƙi biyu da fari uku, na shiga a hankali. Ya ba 'yan amshi baki, suka kama sabon wurin. Baiti na uku ya wuce. A na huɗu ya hau, ya ƙara hawa, ya tsaya can sama, ya daɗe har na fara jin tsoron numfashinsa. Guɗa ta tashi daga bayan fili inda mata suke. Wani tsoho ya cire hula ya jefa sama, bai sake ganinta ba. A wajen saukowa yatsana ya taɓa maƙwabcin da bai kamata ba, sau ɗaya. Ba wanda ya ji sai mutum ɗaya. Can gefen rumfa na hango Kofur Tanko ya ɗaga yatsa ɗaya, ya mayar da hannunsa aljihu.

Alhaji ya dubi jama'a ya ce muryarsa tana nan inda ya ajiye ta tun ana kashe sule da sisi.

Mu aka ba aikin. Muka zagaya mazaɓun Kibiya kaf, ɗan takararmu kuma ya faɗi zaɓe, amma wannan ba laifin rabin taku ba ne.

A hanyar komawa ranar taron, muna bayan a-kori-kura zaune a kan lasifika, na kasa haƙuri. Na ce, "Alhaji, tun yaushe?"

"Tun bikin Saji."

"Amma ka ce ruwan randa ne."

"Kai ma ka ce ruwan randa ne." Ya ɓare goro ya ba ni rabi. "Maƙogwaron nawa ne, Hudu. Za a rage mini kaya ban ji sauƙi ba? Kuma ban yi boko ba, amma shekara nawa ina tsaye gefen gilashin nan. Na ga ɗaya, na ga biyu, na ga uku."

Na ce to me ya hana shi faɗa.

Ya ce, "In na faɗa, sai ka fara tausaya mini a fili, jama'a kuma a fuskarka za su gani. Ka riƙe naka, na riƙe nawa, aiki ya tafi."

Na ji kunya, na kuma ji daɗi, ban san wanne ya fi yawa ba. Don in kawar da zancen sai na shiga ba shi karatun Kofur, yadda in an sauka maƙwabta goma sha biyu ake dawowa kan haƙorin da aka tashi. Ya saurara da kyau, ya ce ashe abin zagaye ne.

Ban taɓa gyara jak ɗin ba. Kiɗan biki ya dawo a hankali, da rana, maza gefe mata gefe, muka ƙara wasu shekaru muna aiki. Da uku ta yi masa tsayi na koma huɗu da hannuna, fari huɗu baƙi ɗaya. Bai ce komai ba, ban ce komai ba, sule da sisi suna nan. Bikinmu na ƙarshe a Nariya ne, na jikansa, kuma ranar na sauke shi biyar. Wanda ya ƙirga zai ga abin da biyar take yi: hannu yana komawa kan baƙaƙe huɗu, fari ɗaya tal ya rage a tsakiya. Ya hau dutsensa, wanda a lokacin bai fi tudu ba, ya sauko, aka yi guɗa. Da aka tashi ya leƙo inda yatsuna suke, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Hudu, baƙaƙen sun dawo. Ashe mun kusa gama zagayen. Saura farin nan ɗaya in koma muryar samartaka."

Saura bakwai ne, ba ɗaya ba, kuma ko an gama su a ƙasan bene ake fita, inda ba mai iya waƙa. Na buɗe baki, na tuna ruwan randa. Na ce, "Saura ɗaya, Alhaji."

Ya ce, "To ka riƙe mini shi zuwa kaka."

Bai kai kakar ba. Har yau ban sani ba ko wannan karon ma ya sani.

Ga fiyanon can a kan benci, jak ɗinsa a mace. Wanda zai zo ranar Asabar ya sani ba da baƙaƙe za mu fara ba. Yatsa ɗaya zai ɗora, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, fari da baƙi, yana ƙirgawa da ƙarfi, kada ya tsallake kowa.